Ƙwari sun dame ni a lambun bayan gida a Ojo, na fesa piya-piya abin ya ƙara lalacewa, yaya zan yi?

Wani ƙanenmu da ke aikin gadi a wajen Iba, can hanyar Ojo a Legas, ya turo tambaya mai tsawo, bari in taƙaita ta. Ya ce mai gidan da yake gadi ya ba shi ɗan fili a bayan katanga, ya shuka rama da yakuwa da alayyafo da kuɓewa, ga tumatir da attaruhu a cikin buhunan siminti. Da farko abin gwanin sha'awa, daga baya ganyen rama da kuɓewa ya huhhuje, kan tumatirin ya murɗe, in ya girgiza tushe wasu fararen ƙwari ƙanana su tashi. Sai ya sayo piya-piya ya sirka da ruwa ya fesa, ƙwarin suka ɗauke na ɗan lokaci, yanzu kuma ganyen ya koma ruwan ɗorawa yana bushewa, har da wata irin yana a ƙasansa. A ƙarshe ya ƙara da cewa wai wani abokinsa ya ajiye tushen wiwi biyu a lungun lambun, su ma ƙwarin sun kama su, ko maganin ɗaya ne?

Toh ƙanena, bari mu fara sauke wannan ta ƙarshen tunda ita ce mai iya kai ka inda ba ka so. Waɗannan tushen biyu ba maganin ƙwari suke buƙata ba, tumɓukewa suke buƙata, yau ba gobe ba. Shuka wiwi laifi ne a Najeriya a ƙarƙashin dokar 1966, kuma dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta ƙara ɗaure abin, hukuncin ɗauri ne mai tsawo, ba a kuma cewa ai tushe biyu ne kawai. Mutumin da ke riƙe da hukumar tun 2021, Buba Marwa, ya yi gwamnan soja a Legas ɗin nan, ya san lungunanta. Kuma in aka zo, ba abokinka za a fara tambaya ba, kai ne mai lambu, kai ne mai gadi, kai aka bai wa amanar gida. Don haka a wannan ɓangaren ba ni da shawarar feshi. Abu ɗaya zan ƙara, akwai irin ramar da ganyenta ke rabuwa yatsu-yatsu, wanda bai sani ba daga nesa zai rantse wiwi ce, ga mu kuma a gari da yawancin maƙwabta ba su san rama ba, toh ka nuna wa mai gidanka da kanka, ka tsinko ka ce masa ga abin da muke kwaɗo da shi da ƙuli-ƙuli, kar wani ya riga ka kai labari.

Yanzu ga lambun. Abin da ka lissafa ba ƙwaro ɗaya ba ne, aƙalla uku ne, kuma na ukun kai ka gayyato shi da piya-piyar nan. Wannan shine abin da nake ta fama da mutanenmu a kai, da an ga huji a ganye sai a ruga shago a ce a ba ni maganin ƙwari mai ƙarfi, ba a tsaya an juya ganyen an ga wane ne a ƙasa ba. Mai shago kuma ciniki yake nema, abin da ke kan kanta shi zai miƙo maka.

Masu huda ganyen rama da kuɓewa da yakuwa wasu ƙananan ƙwari ne masu ƙwarya a baya, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, wasu ruwan ƙasa wasu baƙi mai sheƙi, in ka kai hannu sai su yi tsalle su ɓace. Rama da yakuwa da kuɓewa da auduga duk dangi ɗaya ne, shi ya sa ƙwaron da ya ci ɗaya zai ci sauran, kai kuma ka jera su waje guda ka haɗa masa walima. Amma gaskiyar magana waɗannan ba su ne abin tsoro ba in shukar ta girma. Ramar da ta kai gwiwa tana iya rasa ganye da dama ta ci gaba da tofo, hujin ba ya hana ta daɗi a tukunya. Inda suke kisa shine lokacin da shukar take jaririya, ganye biyu zuwa huɗu, a nan ne suke iya share fangali ɗaya tas. Toh a wannan lokacin ka riƙa barbaɗa toka mai laushi da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba don ta kama ganyen, in ruwa ya wanke ka sake. Wanda ya fi wannan, ka samu tsohon gidan sauro ka rufe fangalin da shi har shukar ta yi ƙwari, ka danne gefensa da ƙasa. Amma tsohon da aka wanke sosai, ba sabon da ke da magani a jiki ba, shi wannan na gadonka ne.

Fararen da ke tashi in ka girgiza tumatir su ne farin ƙuda, kuma su ne suka fi ba ni tsoro a lissafinka. Ba cin ganye suke ba, tsotsa suke, bakinsu kamar allura, kuma da wannan bakin suke ɗauko cuta daga tushen da ya kamu su kai wa lafiyayye. Murɗewar kan tumatirin nan da ka gani, ganye ya ƙanƙance ya kofe sama gefensa ya yi ɗorawa, tushen ya daina tsawo, fure na zubewa, yawanci cutar bairos ce da farin ƙuda ya kawo. Ka ji ni da kyau, wannan ba ta da magani, ko ka zuba mata kuɗin albashinka gaba ɗaya tushen ba zai dawo ba. Ka tuge waɗanda suka murɗe, ka sa a leda ka ɗaure ka fitar da su daga lambun, kar ka yar a gefe don ƙwarin da ke jiki za su tashi su koma kan na kusa. Na san da zafi mutum ya tuge abin da ya yi reno ya dasa da hannunsa, amma tushe uku marasa lafiya su ke kashe talatin.

Farin ƙudan da kake gani yana tashi babban ne, 'ya'yan suna manne a ƙasan ganye ba sa motsi, wasu 'yan fale-fale ne sai ka ƙura ido. A zafin Legas cikin kamar sati uku ƙwai ya zama babba ya fara nasa ƙwan, shi ya sa feshi ɗaya ba ya gama da su, ka kashe na sama na ƙasa na nan na jiran layi. Ka nemi jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, irin wadda ake yarwa a kasuwa, ka yayyanka ta faifai-faifai, ka shafe da giris ko basilin, ka kafa a sanda daidai tsayin kan shukar. Launin ɗorawa na jan farin ƙuda, su zo su manne. Ba zai ƙarar da su ba, amma zai rage manyan, kuma in ka duba da safe ka ga faifan ya cika ka san lokacin feshi ya yi tun kafin ganye ya faɗa maka.

Sai na ukun, mai yanar nan. Wannan jan gizo ne, shi ba ma ƙwaro ba ne a lissafin masana, dangin gizo-gizo ne, ƙanƙane ƙwarai. Ka ɗauki farar takarda ka riƙe a ƙarƙashin ganye ka ɗan buga ganyen da yatsa, za ka ga wasu ɗige-ɗige ja ko ruwan ƙasa sun zubo, ka jira kaɗan za ka ga ɗigon yana tafiya, in ka murje da yatsa ya bar jan zane a takardar. Shi ne. Dama yana nan a lambun tun farko amma akwai masu cinye shi, wasu ƙananan gizo masu farauta, da 'ya'yan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, da wasu da ido ba ya ma lura da su. Da ka fesa guba mai kashe kowa da kowa sai ka share masu gadin, shi kuma jan gizo ƙwansa ya tsira, cikin kusan sati ɗaya a lokacin zafi ƙwai ya zama babba, ba mai tare shi. Haka ma yake faruwa ga masu yawan fesa sifametirin da lamda, wato waɗannan da manoma ke saye kullum, suna kashe tsutsa da fara amma jan gizo sai ma ya ƙaru bayansu. Yana son zafi da ƙura da bushewa, shi ya sa a nan Legas ya fi tashi daga Disamba zuwa Maris, da kuma duk lungun da ke jikin katanga inda ruwan sama ba ya dukan ganye, irin naka kenan. Maganinsa na farko ruwa ne wallahi, ka tsinke ganyen ƙasa da suka riga suka lalace ka fitar, sannan ka riƙa wanke ƙasan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe, kwana biyu ko uku a jere ka huta ka sake.

Kan piya-piya kuma bari in tsaya kaɗan don ba maganar lambu kaɗai ba ce. Abin da ke cikinta yawanci dikulobos ne, shi ne a cikin Sniper, kuma ita ta kwalbar da ake haɗawa a gida ma ba wanda ya san me aka zuba da nawa. Saboda ragowar wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni da shaguna barkatai. Toh abin da Bature ya ƙi a busasshen wake, kai ka zuba a ɗanyen ganyen da za ka tsinka jibi ka yi miya, ko ka bai wa matar maƙwabci ta dafa wa yara. Duk maganin gona na gaskiya akwai kwanakin jira a rubuce a jikin kwalba, tsakanin feshi da girbi, kuma matsalar ganye irin alayyafo da rama ita ce kusan kowane sati ake yanka, babu ranar jiran. Ganyen da ka riga ka fesa wa ka yanke shi ka binne, ka jira sabon toho. Kuma in kai ko wani ya shaƙa ko ya zuba a jiki, ya fara dalalar miyau, gumi, amai, ƙirji ya ɗaure, a cire kayan a wanke jiki da sabulu a wuce asibiti da kwalbar a hannu. Ba manja ba madara, wannan ɗurar da ake yi wa mutum tana iya wucewa huhu ta ƙara masa wata masifar.

Abin da nake sa mutane su riƙe a lambun ganye shine darbejiya, wadda wasu ke cewa dogonyaro ko maina. Ƙarfinta yana cikin ƙwallon, ba a ganye ba, ganye ma yana yi amma sama-sama. A nan Legas samun 'ya'yan da yawa yana da wuya, amma motocin kaya kullum suna saukowa kasuwar Mile 12 daga Arewa, ka roƙi wani direba ko ɗan garinku ya taho maka da mudu biyu na busassu, yara ma za su tsinto a gindin bishiya. Ka ajiye a buhun algarara ko kwando inda iska ke shiga, kar ka ƙulle a leda, laimar garin nan cikin 'yan kwanaki za ta sa su fumfuna. In za ka yi aiki ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki, ka daka wajen rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, da safe ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kar ya toshe bakin famfo, ka narka ɗan sabulun salo ka zuba, kaɗan dai yadda ruwan zai kama ganye ba ya gangare ba. Ka fesa da yamma bayan la'asar saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a lokacin ƙudan zuma sun koma. Ka juya bakin famfon sama ka jiƙa ƙasan ganye, nan ne gidansu, yawancin mutane saman ganye suke wankewa su tafi. Wanda ya rage kar ka ajiye, ranar da aka tace ranar ake amfani da shi.

Inda mutane ke yanke ƙauna da darbejiya shine suna jiran su ga gawa a ƙasa da safe. Ba haka take aiki ba. Tana sa ƙwaro ya daina ci, tana hana ƙanana sauya fata su girma, tana rage ƙwai, sai bayan kwana huɗu biyar ka lura sabon tohon da ke fitowa ba huji. Ka maimaita duk sati, in ruwa ya sauka a daren ka sake, kuma ka san daga Afrilu zuwa Yuli a garin nan wannan sakewar za ta yi yawa, sai an ɗan samu sararin watan Agusta. Ka daina fesawa 'yan kwanaki kafin yanka kuma ka wanke ganyen sosai, in ba haka ba uwargida za ta tambaye ka wa ya sa maɗaci a miya. Ka fara gwadawa a tushe biyu uku tukuna, sabulu in ya yi yawa yana ƙona ganye, omo kam kar ma ka fara.

Ba ka ambaci darɓa ba amma na tabbata in ka duba kan attaruhun za ka same ta, 'yan ƙwari kore ko baƙi cunkushe a sabon toho, ganye na danƙo, daga baya wani baƙi kamar kunkunniya ya rufe shi. Alamar da ta fi sauƙi ita ce tururuwa da kiyashi suna hawa suna sauka a tushe, zaƙin da darɓar ke fitarwa suke sha, su kuma suna kore mata abokan gaba. Ruwan sabulu da darbejiya sun ishe ta. Amma ka duba takinka, in kana zuba yuriya ko ɗanyen kashin kaji da yawa ganye zai yi kore shar ya yi laushi ya cika ruwa, kai kana murna, darɓa da farin ƙuda sun fi ka murna. Kashin kaji a bar shi ya ruɓe tukuna.

Alayyafo kuma nasa tsutsa ce 'yar kore da ke naɗe ganye da yana ta ɓuya ciki, tana kankare shi har ya zama fatar banza. A ɗan fili irin naka hannu ya fi komai, ka bi da safe ka matse duk ganyen da ka ga ya naɗe. In abin ya fi ƙarfin hannu akwai maganin da ake kira Bt, ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsa kaɗai in ta ci ganyen, ba ta taɓa zuma ko mutum, ka tambaya a manyan shagunan kayan gona, ka kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Katantanwa da fara mai launi-launin nan mai wari, su ma tsinta ce, katantanwa da tocila da dare tunda dama kai ba barci kake ba.

A tumatir ka sa ido kan abu ɗaya. In ka ga wani farin tabo a ganye kamar an kankare cikinsa an bar fatar sama, ka ɗaga shi ga rana ka ga 'yar tsutsa da baƙin kashinta a ciki, toh sharon ce, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shigo Sifen a 2006, ta iso mana wajen 2015, a 2016 ta yi ɓarnar da har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, duk wanda ke Mile 12 a shekarar ya tuna yadda kwando ya yi tsada. Tana cikin ganye ne, feshin sama ba ya isa gare ta sosai, kuma ta saba da magunguna da yawa. A buhu goma ko ashirin, tsinke ganyen da ya kamu ka ƙona shi ne aikin. Kuma kar ka riƙa kwaso ruɓaɓɓen tumatir ko tsohon kwando daga kasuwa ka ajiye kusa da lambu, ta nan take zuwa.

Wani abin da ke ruɗa 'yan uwanmu da suka saba noman rani a gida shine tazara. A Kano ko Zariya iska busasshiya ce, ka cusa shuka ta yi. Nan ganye yana kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe, in ka cusa sai ƙwari su samu maɓoya, ciwon ganye ya biyo baya. Ka rage su, ka ja buhunan nesa da katanga iska ta ratsa, ka zuba ruwa a gindi ba a ka ba sai dai lokacin wankin jan gizo, ka cire ciyawar gefe don farin ƙuda a can yake fakewa. In kuma ka ga kuɓewa ko tumatir na yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take kuma ba ƙwaro a ganye, ka tuge ɗaya ka duba saiwar, in ta yi ƙulli-ƙulli toh tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, tana son ƙasa mai yashi irin ta wajen Ojo, feshin ganye ba ruwansa da ita. Sai dai ka juye ƙasar buhun ka sake wata da ruɓaɓɓen taki, kuma kar ka maimaita kuɓewa ko tumatir a wannan gurbin, ka sa masara ko albasa mai ganye.

In ka yi duk wannan sati uku abin bai lafa ba, ka sa ganyen da ya kamu a leda da ƙwarin a ciki ka kai ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Legas da ke Oko-Oba a Agege, akwai malaman gona, su gani da idonsu. Ko ka ɗauki hoton ƙasan ganyen da rana, kusa sosai, ka turo, amma na ƙasan nake so ba na lambun gaba ɗaya daga nesa ba.